Neman kwangila ko neman tallafi: wanne ya dace da kai, kuma yaya ake rubuta kowanne?

Ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi da dama a Arewa suna ajiye da takarda guda ɗaya a kwamfuta. Duk inda aka ji labarin kuɗi, sai a canza mata suna da kwanan wata a tura: yau ma'aikatar ruwa, gobe ofishin jakadanci, jibi wata gidauniya. Irin wannan takarda ba ta cika kai labari ba, domin mai ba da kwangila da mai ba da tallafi ba abu ɗaya suke nema ba. Mai ba da kwangila ya riga ya san abin da yake so, ya rubuta shi dalla-dalla, wanda zai yi masa shi a farashi mai sauƙi ba tare da tangarɗa ba kawai yake nema. Mai tallafi kuwa matsala ce a gabansa. Yana neman wanda ya san ta ciki da bai, yake da dabarar magance ta, kuma zai iya ba da lissafin kowane kwabo.

Don bambancin ya fito fili, mu ɗauki aiki guda: haƙa rijiyoyin burtsatse biyar masu aiki da sola a ƙauyukan wata ƙaramar hukuma. Ana iya samun aikin ta hanyar tenda, wato gasar neman kwangila, ana kuma iya neman tallafi a kansa. Rijiyoyin dai su ne, amma takardun da za a nema, da salon rubutu, da yadda kuɗi zai shigo, da wanda asara za ta hau kansa, duk sun sha bamban.

Ƙofar shiga

A kwangilar gwamnatin tarayya, dokar ba da kwangila ta 2007 ce ke aiki, hukumar kula da ba da kwangilolin gwamnati (BPP) kuma ke sa ido. Kafin a kalli farashinka sai an tantance takardunka: rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, rahoton odita na shekara uku, takardun hukumar fansho (PenCom) da asusun horar da ma'aikata (ITF) da asusun inshorar ma'aikata (NSITF), shaidar rajista a kundin 'yan kwangila na BPP, wasiƙar banki da ke nuna za a iya ba ka kuɗin aiki, da rantsuwar kotu kan ko wani jami'in ma'aikatar yana da hannu a kamfaninka. Sannan shaidar ayyuka irinsa da ka taɓa yi, yawanci uku cikin shekara biyar, da takardar ba da aikin da ta kammala shi. Jihohi suna da nasu hukumomin, kamar KADPPA a Kaduna da hukumar tantance kwangiloli ta Jigawa, kuma galibi sai ka yi rajista da su daban. A Nijar ma tsarin bai yi nisa da wannan ba, lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci ta RCCM su ne farkon abin da za a tambaya.

A wannan matakin ba a ba da maki. Ko takarda tana nan ko babu. Yawancin takardun nan kuma a ranar 31 ga Disamba suke ƙarewa, shi ya sa tendar farkon shekara take kayar da kamfanoni masu iya aiki, don kawai ba su sabunta da wuri ba. Wanda ya jira sai an buga talla sannan ya fara bin ofisoshi, wa'adi zai cika yana kan layi.

Ƙofar tallafi daban ce. Mafi yawan masu ba da tallafin raya al'umma ba sa ba kamfanin da ke neman riba. Ƙungiya suke so, mai rajistar amintattu a CAC, da takardar SCUML, wato sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, da asusun banki da sunan ƙungiyar wanda aƙalla mutum biyu ke sa wa hannu, da rubutattun ƙa'idojin kashe kuɗi da sayen kaya da kare yara da mata daga cin zarafi. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF da WFP da UNHCR suna buga kiran neman abokan aiki a shafin UN Partner Portal, kuma kafin su saki kuɗi masu kauri sukan turo a duba yadda ƙungiya take riƙe littattafanta. Ɗan kasuwa ma yana da ƙofarsa, sai dai 'yar ƙarama ce: shirin Gidauniyar Tony Elumelu, wanda ya fara a 2015, yana ba da dala 5,000 ta jari da horo. Wannan zai tayar da ƙaramar sana'a, amma ba zai haƙa rijiya biyar ba.

Yadda ake rubuta tenda

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogon tarihin kamfani da kirari. Mai tantancewa yana riƙe da jadawali, yana neman inda ka amsa kowane sharaɗi ya sa alama. Saboda haka ka jera takardunka yadda tallar ta jera su, ka sa lambar shafi, ka yi jadawali a farko mai nuna sharaɗi kaza yana shafi kaza. In an ce a sa bayanin fasaha a ambulan guda, farashi a wata, to a raba su. Farashin da ya ɓulla a cikin ambulan ɗin fasaha yana iya sa a jefar da tendar baki ɗaya. Haka wasiƙar da ba a sa wa hannu ba, haka isowa bayan an rufe akwati ko da da minti biyar ne.

Bayanin yadda za ka yi aikin shi ne inda ake gane wanda ya san aiki. Kada ka rubuta “za mu yi amfani da kayan aiki masu inganci”. Rubuta cewa za a fara da binciken ƙarƙashin ƙasa a kowane wuri, da irin injin haƙar da za a kawo da ko naka ne ko haya, da kaurin bututu, da awa nawa za a yi ana gwajin jan ruwa kafin a zaɓi girman famfo, da ɗakin gwajin da zai auna tsabtar ruwan, da mako nawa kowane mataki zai ci. Ka nuna ka san ƙasar wurin. Haƙa a yankin dutse, kamar yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina, ba ɗaya ba ne da haƙa a ƙasar yashi ta Yobe da Barno ko kwarin Sakkwato: injin da ya dace ya bambanta, zurfi ya bambanta, haɗarin fita ba ruwa ma ya bambanta. Kafin ka sa farashi, ka nemo sakin layin da ya faɗi wanda zai biya in rijiya ta fita busasshiya. In kai ne, dole farashinka ya ɗauki wannan.

Farashi shi ne zuciyar tenda, domin a aikin gini da sayen kaya doka ta ce a ba mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. A cike jadawalin kaya da ayyuka da farashinsu (BOQ) layi-layi, kada a bar gurbi. Layin da ba ka sa wa kuɗi ba ana ɗauka ka cusa shi a wani wuri, kuma za ka yi shi ba ƙarin ko sisi. In aka samu saɓani tsakanin farashin guda ɗaya da jimilla, farashin guda ɗaya ake bi a gyara jimillar, don haka sifili ɗaya da ya zame yana iya ɗaure ka da aikin asara. A aikin ba da shawara da bincike ne ake haɗa inganci da farashi, sau da yawa kashi 80 ga fasaha, 20 ga kuɗi. A can ƙwarewar ma'aikatanka ta fi rangwame tasiri.

Yadda ake rubuta neman tallafi

A nan babu BOQ da wani ya shirya maka. Kai za ka kawo matsalar, ka kawo maganin, ka kawo lissafin, kuma sai ukun sun yi daidai da juna.

Kafin komai, karanta kiran sau biyu, ka tabbatar abin da suke son kashe wa kuɗi shi ne abin da kake yi. Ƙungiyar da ta san harkar ruwa ta koma rubuta takarda kan sasanta rikici don a nan kuɗi yake, mai karatu zai gane tun daga shafin farko.

Bayanin matsala ba wurin ba da labarin talaucin Afirka ba ne. Mai karantawa ya san shi. Abin da bai sani ba shi ne ƙauyukan nan biyar: gida nawa ne a kowanne, ina suke ɗebo ruwa a watan Afrilu, tafiyar minti nawa ce, nawa ake sayar da jarka, rijiya nawa aka taɓa haƙawa kuma me ya kashe su. Alƙaluman jiha ana samun su a binciken WASHNORM na ma'aikatar ruwa ta tarayya, amma na ƙauye sai ka je ka ƙirga da kanka, ka kuma faɗi ranar da ka ƙirga da yadda ka yi. Wannan ɗan binciken ya fi duk wata kalma mai daɗi ƙarfi.

Sai jadawalin manufa da sakamako, inda takardu da yawa ke rushewa. Rijiya biyar abin da aka samar ne. Abin da mai tallafi ke saye shi ne canjin da rijiyoyin za su kawo, misali tafiyar ɗibar ruwa ta ragu daga awa ɗaya zuwa ƙasa da minti 30, kuma rijiya huɗu cikin biyar suna aiki bayan shekara guda. Kowane ma'auni yana buƙatar adadin farko, da adadin da ake son kaiwa, da wanda zai auna, da lokacin aunawa. In ba ka da adadin farko, ba yadda za ka nuna an samu canji.

Sashen ɗorewa ma a yi masa rubutun gaske. “Al'umma za ta kula da aikin” ba amsa ba ce, domin ƙauyukanmu cike suke da tankunan da suka daina ba da ruwa. Faɗi wa ke cikin kwamitin ruwa, mata nawa ne a ciki, nawa gida zai biya a wata, wa zai riƙe kuɗin, wane makaniki aka horar, a wace kasuwa ake samun kayan gyara, me hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara ta jiha (RUWASSA) ta amince za ta yi. Haɗa da wasiƙar dagaci ko hakimi da takardar ba da filin, domin rigimar fili tana tsayar da aiki fiye da yadda ake zato.

Kasafin kuɗi kuwa madubin labarin ne. Duk aikin da ka ambata ya samu layinsa, duk layin da ka sa ya samu bayani: mutum nawa, kwana nawa, nawa a kwana. Tarayyar Turai kan fara da gajeriyar takardar gabatar da ra'ayi da ake aunawa bisa maki 50, wanda bai kai 30 ba ba ya wucewa, kuma kuɗin gudanar da ofis da take yarda da shi bai wuce kashi 7 cikin ɗari na kuɗin aikin kai tsaye ba. Wato in aikin naira miliyan 40 ne, miliyan 2.8 ke nan. Sau da yawa kuma takan ce ka kawo wani kaso daga aljihunka ko daga wani mai tallafin.

Maganar kuɗi, wadda ita ce ke raba gardama

A ganinmu, nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi zaɓi, ba a kan girman kuɗin da aka rubuta a talla ba.

A ce farashinka na rijiyoyin nan naira miliyan 40 ne. Harajin VAT na kashi 7.5 zai ƙara miliyan 3, jimilla miliyan 43, amma miliyan ukun nan ba taka ba ce, tun daga ma'aikata za a cire ta, tare da harajin da ake riƙewa daga biyan ɗan kwangila. In an nemi garantin shiga tenda, doka ta ƙayyade shi kada ya wuce kashi 2 na farashi, wato har naira 860,000. In ka ci, ana iya neman garantin kammala aiki na aƙalla kashi 10, miliyan 4.3, kuma banki ba ya ba da shi kyauta, wani lokaci ma sai ka ajiye kuɗi ko kadara. Kuɗin fara aiki, wanda dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga iyakarsa daga kashi 15 zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, ba dole ba ne a ba ka, in ma za a bayar sai da garanti. Sauran aikin da kuɗinka za ka yi, ka jira a auna, a rubuta takardar biya, a saki kuɗi.

Jiran nan ne ke cinye riba. In ka ranto miliyan 20 a kan kashi 30 a shekara, aka yi wata shida ba a biya ka ba, miliyan 3 ta tafi. Wanda ya guje wa kuɗin ruwa ya je bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJBank, shi ma akwai ribar da bankin zai ɗora a kan kayan da ya saya masa, dole ta shiga lissafi. Doka ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya ya zama jinkiri, kuma akwai ƙarin da ya kamata a biya a kansa, amma ba a gina kasuwanci a kan wannan. Ga kuma farashin kaya: famfo da faifan sola daga waje ake shigo da su, tenda kuma takan ɗaure ka da farashinka na kwana 90 ko 120. Waɗanda suka sa farashi kafin a sakar wa kasuwa darajar naira a Yunin 2023 sun ga yadda hakan yake ƙarewa. Ka karɓi rubutaccen farashi daga dillali mai wa'adi, ka duba ko kwangilar ta yarda da sauya farashi.

Amfanin kwangila shi ne abin da ya rage naka ne. In ka gama da miliyan 33, ba wanda zai tambaye ka rasit ɗin siminti. Rijiya mai ba da ruwa bisa ƙa'ida kawai ake so.

Tallafi akasin haka ne. Galibi ana ba da kuɗi kafin aiki, kashi-kashi, saboda haka ba sai ka ci bashi ba. Amma babu riba a ciki. Abin da ya rage mayarwa ake yi, abin da aka kashe ba rasit ko ba bisa kasafi ba shi ma mayarwa ake yi, ko da an yi aikin kuwa. Sayen kaya ba tare da karɓar farashi daga dillalai uku ba, biyan albashi ba takardar lokutan aiki, kashe kuɗi kafin ranar sa hannu, ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani ba izini: waɗannan su ne abubuwan da odita ke kamawa bayan shekara, lokacin da asusun ya riga ya bushe. Kason ƙarshe ma akan riƙe shi sai an amince da rahoton ƙarshe. Ƙungiyar da ba ta da akanta na gaske, tallafi mai yawa haɗari ne a gare ta.

Kuma tallafi yana iya tsayawa dare ɗaya. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da ayyukan agajinta na waje, daga baya aka rufe hukumar agajinta ta USAID, ƙungiyoyin da suka dogara da ita kaɗai suka rasa na albashi. Daga buga kira zuwa shigowar kuɗi ma yakan ɗauki watanni masu yawa, don haka ba a biyan hayar ofis da tallafin da ba a sa wa hannu ba.

To, wanne?

In kana da kamfani mai rajista, takardun harajinka sun cika, kana da kayan aiki ko ma'aikatan da suka taɓa yin irin aikin, kuma za ka iya ɗaukar wata shida ba a biya ka ba kasuwancinka bai durƙushe ba, tenda ce taka. In sharaɗin ƙarshen nan bai cika ba, kada ka shiga babbar kwangila ko da an yi maka alƙawari.

In ƙarfinka sanin al'umma ne, mutane sun yarda da kai, kana da haƙurin rubuta rahoto da adana rasit, ba ka da jari amma kana da tsari, nemi tallafi, ka fara da ƙarami. Ofisoshin jakadanci irin na Japan suna da shirin ƙananan ayyukan al'umma, akwai kuma shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya (GEF) da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa. A Barno da Adamawa da Yobe akwai asusun agaji na Najeriya da ofishin ayyukan jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya (OCHA) ke kula da shi, sai dai shi ma sai an tantance ƙarfin ƙungiya kafin ta cancanta.

Abin da ba mu ba da shawara ba shi ne mutum ɗaya ya buɗe ƙungiya ya nemi tallafi, sannan ya ba kamfaninsa kwangilar aikin. Masu tallafi suna bincika sunayen daraktoci, kuma wannan kaɗai ya isa a soke yarjejeniya. Haka duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na “sakin tallafi” ta WhatsApp, damfara ce. A ɓangaren tenda kuma, haɗa baki da wasu kamfanoni kan farashi ko gabatar da takardar jabu laifi ne da dokar 2007 ta tanadar wa hana kamfani kwangila na aƙalla shekara biyar da tarar kashi 25 na darajar aikin, ban da ɗauri.

Akwai hanya ta tsakiya da sababbi ba su cika kula da ita ba. Manyan ƙungiyoyin agaji da ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu, irin su shirin farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi na ACReSAL da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja, su ma suna sayen kaya da ba da ƙananan ayyuka. Kuɗin na masu tallafi ko lamuni ne, amma alaƙar ta kwangila ce: a nemi farashi, ka kawo kaya, a biya ka. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna buga nasu a shafin UNGM. Ƙaramin kamfani zai iya tara takardun kammala aiki uku ta nan, ko ta yin aiki a ƙarƙashin babban ɗan kwangila, muddin ya nace a ba shi shaida a rubuce da sunan kamfaninsa. Ƙaramar ƙungiya ma haka, ta shiga ƙarƙashin babba a matsayin abokiyar aiki, da yarjejeniyar da ta fayyace aikin kowa da kason kowa tun kafin a tura takarda, ba bayan kuɗi ya shigo ba.

In ba a yi nasara ba, a nemi dalili a rubuce. A tenda ka halarci buɗe akwati, ka rubuta farashin kowane kamfani yayin da ake karantawa, domin da shi za ka auna naka a gaba. In kana ganin an saɓa ƙa'ida, kwana 15 na aiki gare ka daga ranar da ka sani ka kai ƙorafi ga babban jami'in ma'aikatar, in bai gamsar da kai ba ka wuce BPP. A tallafi ba kasafai ƙorafi ke sauya hukunci ba, amma wasu masu bayarwa, kamar Tarayyar Turai, suna aiko da makin da aka ba kowane sashe, sai ka duba wanda ya fi rauni ka gyara shi kafin kira na gaba.